ISKA A CIKIN BIRKI: ABIN DA YA FARU DA BABUR ƊIN ABOKINA MAI ƘAFA UKU

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraro ba, da kuma 'yan uwanmu masu lalurar ji. Mun rubuta shi yadda aka faɗe shi.

  

Na san yau wasu za su ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da birki? Mun saba jin ka a kan katin zaɓe da rashin aikin yi da shaye-shaye, yau kuma ka koma gareji?" To ku yi haƙuri ku saurare ni zuwa ƙarshe. Ni ba makanike ba ne, abin da na karanta a jami'a ko kusa bai shafi ƙarfe ba. Amma saura ƙiris na rasa aboki saboda ƙwayar iskar da ba ta kai girman wake ba. Tun daga ranar na ɗauki alkawarin sai na yi wannan shirin.

Abokin nan nawa tare muka tashi, unguwa ɗaya. Shan inna ta taɓa shi tun yana ƙarami, ƙafafunsa biyu ba sa ɗaukarsa. Amma mutum ne mai zuciyar nema, yana da teburin POS a bakin kasuwa, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Shekaru yana tuƙa keken hannu, irin wanda ake juyawa, ga rana, ga nisa. Sai ya shiga adashi, da ya ɗauka ya sayi babur na hannu, ya kai wa mai walda a mayar masa da shi mai ƙafa uku. Aka cire tayar baya, aka kawo aksil na wata tsohuwar adaidaita sahu, wato sandar nan da ke riƙe tayoyin baya biyu, aka haɗa. Giya aka mayar ta hannu. Birki kuma, tunda ba zai iya taka feda ba, aka tattara duka tayoyi ukun aka haɗa su a hannun dama. Matsa ɗaya, taya uku.

Ranar da ya karɓo babur ɗin wallahi kamar ranar angwancinsa. Ya zo ƙofar gidanmu yana hon, yana cewa, "Mutumina fito ka ga motata!"

Kwana tara bayan nan, yana gangarowa daga kan wata gada da yamma, an tashi 'yan Islamiyya suna tsallaka titi. Ya matsa birki, hannun birkin ya tafi luuu har ya manne da abin riƙo, babur bai ko rage gudu ba. Ni da kai da a ce mu ne, za mu taka na ƙafa, in ya ƙi mu sauke ƙafa mu ja ƙasa, in ta ɓaci mu yi tsalle mu bar babur ɗin. Shi ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Allah ya sa akwai tarin yashin gini a gefen hanya, ya karya kan babur ya afka ciki. Ya gurje a kafaɗa da goshi, fitilar gaba ta fashe, amma yara sun tsira, shi ma ya tsira. Alhamdulillah.

Washegari na raka shi wurin wanda ya yi haɗin. Ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi wuri ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba. Amsar da ya ba mu ita ce ta tsaya min a rai. Ya ce, "Ai haka sabon haɗi yake, ka riƙa famfa shi sau biyu sau uku kafin ka isa inda za ka tsaya, a hankali zai zauna."

Jama'a, birki ba ya zama da kansa. Birkin da sai an famfa yake kamawa, birki ne da ke gaya maka ba shi da lafiya.

Daga nan aka yi mana kwatancen wani dattijon makanike da ya daɗe yana gyaran adaidaita sahu. A wurinsa muka wuni, kuma yawancin abin da zan faɗa yau a gabansa na gani da idona, sauran kuma na je na karanta don in tabbatar.

Bari mu fara da tushe. Birkin da ke aiki da mai, dabararsa ɗaya ce: ruwa ba ya matsuwa. Idan ka cika bututu da mai ka tura ta wannan bakin, ƙarfin zai fita ta wancan bakin. Wani Bafaranshe, Blaise Pascal, shi ya bayyana wannan ka'idar tun ƙarni na 17. Kana matsa hannun birki, wani ɗan fistin a cikin abin da makanikai ke kira masta yana tura mai, man ya bi bututu ya je ya tura fad ko shu su kama taya. Ita kuwa iska tana matsuwa. Ɗauki sirinji, ka toshe bakinsa da yatsa. In ruwa ne a ciki ba zai motsa ba, in iska ce zai shige kamar kana danna soso. To idan iska ta shiga bututun birki, ƙarfin hannunka a matse iskar yake ƙarewa, bai kai ga taya ba. Cire wannan iskar shi ne aikin da ake kira bilidin a gareji.

To mene ne haɗaɗɗen birki? Babur ɗin da muka saba da shi birki biyu gare shi, kowa da hanyarsa: hannu na gaba, ƙafa na baya. In ɗaya ya lalace, ɗaya na nan. Haɗaɗɗe kuma shi ne wanda matsa ɗaya ke kama taya fiye da ɗaya. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Honda ya sa shi a babban babur ɗinsa Gold Wing tun 1983. A Indiya, inda yawancin baburanmu da adaidaita sahu suke fitowa, tun watan Afrilun 2019 doka ta ce ƙananan baburan da ake sayarwa sababbi a can sai da irin wannan birkin ko wanda ya fi shi. Yawancin adaidaita sahun da muke hawa kullum ma haka suke, feda ɗaya ce ke kama tayoyi ukun.

A Amurka akwai dattawa da yawa da ke mayar da Gold Wing ɗin nan mai ƙafa uku idan ƙarfin riƙe shi ya fara gagararsu. Samfurin da ya fito a 2001 yana da wata masta ta biyu a jikin ƙafar gaba ta hagu, da bawul-bawul masu raba ƙarfin mai, kuma kowace kalifa tana da wurin fitar da iska biyu, don hanyoyin mai biyu ne ke shiga cikinta. Su da suke da littafin kamfani da kayan aiki, duk da haka sai sun bi jerin da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba birki ya ƙi tauri. To ina ga namu da aka haɗa a bakin titi, babu littafi, babu zane, sai abin da ke kan mai walda?

Ga inda haɗarin yake: idan an haɗa tayoyi uku a hanyar mai ɗaya, iskar da ta maƙale a wuri ɗaya tana raunana duka ukun. Yoyo a wuri ɗaya yana kashe duka ukun. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga yadda aikin yake. Wanda ke da biro ya rubuta.

Na farko, kayan aiki. Sifana mai zobe daidai da notin fitar da iska, wanda suke kira nifil. Yawanci lamba 8 ce, wani lokaci 10. Kada a yi amfani da filaya, tana cinye kan notin. Sai siririn tiyo mai haske da ake ganin abin da ke wucewa a ciki, da gorar ruwa wadda ba kowa a ciki, da tsumma, da jek, da duwatsun tare taya. Sai mutum biyu, ɗaya a hannun birki, ɗaya a wurin taya.

Sai man birki, kuma a nan zan ɗan tsaya. A duba murfin ɗan kofin man da ke kan masta, yawanci an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta shi za a saya, kuma a sayi sabuwar gora da ba a fasa ba. Dalili shi ne man birki yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 4, bisa ƙa'ida, ba ya tafasa sai ya kai digiri 230. Idan ya sha danshi, mizanin yana saukowa zuwa digiri 155. DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. Birki yana zafi sosai in ana yawan matsa shi, musamman da kaya ko a gangara. Man da ya tafasa tururi yake zama, tururi kuma matsuwa yake kamar iska. Shi ya sa mutum zai fito da safe birki garau, da rana ya neme shi ya rasa. Saboda haka man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar gora a bakin titi, a bar shi. Akwai kuma DOT 5, shi jinsinsa daban ne, ba a gauraya shi da waɗancan. Baƙin mai na inji ko man giya, ko ɗigo kada ya shiga, yana kumbura robobin ciki ya lalata su. Masu zuba ruwan omo kuma, don Allah ku ji tsoron Allah, rayukan mutane kuke ɗauka.

Na biyu, kafin a taɓa nifil, a duba yoyo. A bi kowane bututu da yatsa, a duba kowace mahaɗa, a leƙa bayan tayoyin baya ko akwai jiƙa. In akwai yoyo, bilidin ɓata lokaci ne, iskar za ta dawo. Sannan in birkin baya na dram ne, a fara saita shu ya matso kusa da dram. Shu ɗin da ya yi nisa yana sa hannun birki ya yi tafiya mai tsawo, mutum ya ɗauka iska ce alhali ba ita ba ce.

Na uku, kuma wannan shi ne abin da ya bambanta haɗaɗɗen birki da na kullum: a san hanyar mai. Dattijon nan da muka je wurinsa, kafin ya ɗauki sifana sai da ya kwanta a ƙarƙashin babur ɗin ya bi bututu tun daga masta har ƙarshensa. Ya ce da ni, "Ɗana, kai da ka yi boko, ɗauko takarda ka zana abin da zan gaya maka." Na zana. Daga masta bututu ya sauko ya rabu biyu, ɗaya ya tafi kalifar gaba, ɗaya ya bi ƙarƙashin kujera ya je baya, can ma ya sake rabuwa biyu, hagu da dama. Nifil uku ke nan, masta ɗaya. Wani haɗin za ka tarar masta biyu ne, hannu na kama gaba, feda na kama baya da wani ɓangare na gaba. In haka ne, kowace masta da nata nifil ɗin, kuma kowace hanya daban ake yi mata. Idan ka buɗe nifil ɗin da ke ƙarƙashin feda kana matsa hannu, za ka kwana a wurin ba abin da zai fito.

A wurin bin bututun nan Baba ya gano abu biyu. Ɗaya, bututun da ya tafi baya an ɗaga shi ya haye wani ƙarfe a ƙarƙashin kujera, ya yi tozo kamar na raƙumi. Biyu, farantin birkin tayar hagu an ɗaura shi a kife, nifil yana kallon ƙasa. Ya nuna mana ya ce, "Iska sama take hawa. In ƙofar fitarta tana ƙasa, ko shekara za ku yi kuna famfo ba za ta fita ba." Sai da ya kwance farantin ya juya shi daidai, ya kuma sauke tozon nan, sannan aka fara aiki. Haka yake ga kalifa ma: in an yi mata mazauni nifil ya koma ƙasa, a kwance ta, a sa ɗan katako tsakanin fad biyun, a riƙe ta nifil na sama, a yi bilidin, sannan a mayar.

Na huɗu, jeri. In babur ɗin ko kayan haɗin sun zo da littafi, jerin littafin shi ne gaba da komai. In babu, ƙa'idar da makanikai suka saba ita ce a fara da masta kanta, sannan tayar da ta fi nisa da masta, a dawo zuwa mafi kusa. Masta ana cire mata iska ne ta notin da ya ɗaure bututu a bakinta: a naɗe wurin da tsumma, a matsa hannun birki, a ɗan sassauta notin, mai da kumfa su fito, a ɗaure, sannan a saki. A babur ɗin abokina, bayan masta muka yi tayar baya ta hagu, sai ta dama, sai gaba.

Na biyar, aikin kansa. A tsayar da babur a wuri mai lebur, a tare tayoyi. A buɗe kofin mai a cika shi. A sa sifana a kan nifil, a sa tiyo a bakinsa, ɗaya bakin tiyon a cikin gora, a zuba ɗan mai a gorar yadda bakin tiyon zai nutse. Daga nan sai kira da amsa. Na wurin taya ya ce, "Famfa." Na sama ya matsa a hankali sau uku ko huɗu. "Riƙe." Ya matse ya ce, "Na riƙe." Na ƙasa ya buɗe nifil kaɗan, kamar kwatan zagaye. Mai zai fito da kumfa, hannun birkin zai tafi ciki. Na ƙasa ya ɗaure nifil, sannan ya ce, "Saki." Sai a sake.

Kuskure biyu ne ke mayar da aiki baya. Na ɗaya, sakin hannun birki kafin a ɗaure nifil. Kana saki, iska ta koma ciki. Abokina ne ya zauna a kan babur yana matsawa, sau biyu yana saki da wuri, Baba ya ɗago ya ce, "Malam, kai ne za ka hau abin nan fa, ba ni ba." Muka yi dariya, amma daga nan bai ƙara ba. Na biyu, barin kofin mai ya ƙafe. Kofin babur ɗan mitsitsi ne, an yi shi ne don taya ɗaya, yanzu an ɗora masa uku. Buɗewa uku ko huɗu ya isa ya sauke shi. Yana ƙafewa masta ta zuƙi iska, an koma farko. Saboda haka ido na kan kofi, ana yi ana ƙarawa. Man da ya fito cikin gora kuma ba a mayar da shi.

A lura, man birki yana cin fenti, yana kuma yi wa ido illa. In ya zuba a jikin babur a wanke da ruwa nan take. In ya taɓa fad ko shu, an lalata su, sai dai a sake wasu. Kuma a ɗora murfin a kan kofi ko da ba a ɗaure ba, don man yakan yi tsartuwa sama in an matsa.

Ana ci gaba a kowane nifil har sai mai ya fito garau, babu kumfa ko ƙanƙanuwa. In an gama zagaye ɗaya, a sake zagaye na biyu. A haɗaɗɗen birki wannan ba ƙari ba ne, dole ne, domin iskar da ke mahaɗa takan gudu daga wannan reshe ta faɗa wancan. Ana yi ana ɗan ƙwanƙwasa bututu da mahaɗa da gindin sifana, ƙananan kumfa da suka manne su saki. A kuma juya kan babur hagu da dama, ana ɗan taɓa hannun birki kaɗan-kaɗan, za ka ga kumfa na tasowa a cikin kofi.

In iskar ta yi taurin kai, akwai dabarar turo mai daga ƙasa. A cika babban sirinji da sabon mai, a haɗa shi da nifil ta tiyo, a buɗe, a tura a hankali. Man zai hau sama ya kora iska ta fita ta kofi, wato ka bi ta inda take son tafiya. Sai dai a riƙa rage man kofin kada ya malala. Wasu kuma suna ɗaure hannun birki da roba ya kwana a matse. Yana taimakawa ga ƙananan kumfa, amma ba ya maganin bututun da aka shimfiɗa ba daidai ba.

Na shida, gwaji. A cika kofi zuwa layin sama, kada a wuce, a ɗaure murfi, a goge ko'ina. A matse hannun birki da ƙarfi a riƙe kamar rabin minti. In ya tsaya cak, madalla. In yana shigewa a hankali, akwai yoyo ko robobin cikin masta sun mutu. Sai a ɗaga baya da jek, a juya kowace taya da hannu, a matsa birki: dole duka biyun su kama, kuma in an saki duka biyun su saki. Daga nan a fita fili inda ba mutane, a gwada a tafiyar ƙafa, sannan a ɗan ƙara gudu. In babur yana fizga gefe ɗaya, taya ɗaya ta fi ɗaya kamawa, kuma a mai ƙafa uku wannan yana iya juyar da mutum ko ya kifar da shi. A ƙasa mai yashi ma za ka ga sawun tayoyin, su gaya maka gaskiya. Bayan 'yar tafiya a kai hannu kusa da dram a ji. In ɗaya ya yi zafi fiye da kima, birkin na riƙewa, a duba saiti, a kuma tabbatar hannun birki yana da ɗan wasa kafin ya fara tura fistin.

To idan an yi duk wannan, babu kumfa, babu yoyo, amma hannun birki har yanzu yana kusan taɓa abin riƙo fa? A nan ne maganar da mutane ba sa so take fitowa. Wataƙila masta ɗin ce ta yi ƙanƙanta. Wadda aka ƙera don kalifa ɗaya, man da take turawa a matsa ɗaya ba lallai ya ishi tayoyi uku ba. Wannan ba aikin bilidin ba ne, sai an sake masta da wadda ta fi ta faɗi, kuma wanda ya san aikin ne zai zaɓa, don in ta yi girma da yawa hannun zai yi tauri, mutum ya kasa matsawa. Haka aka yi wa abokina, sai da aka sake ta. Tsohon tiyon roba ma yakan kumbura in an matsa, ya shanye ƙarfin. Riƙe shi a hannunka wani ya matsa, za ka ji yana numfashi.

Yanzu mu koma kan abin da na ce ku riƙe. Yoyo ɗaya yana kashe tayoyi uku. Saboda haka duk babur ɗin da aka haɗa birkinsa a wuri ɗaya, dole ya samu birki na biyu da bai dogara da mai ba. Aksil ɗin adaidaita sahu yana zuwa da wurin hanbirek mai aiki da kebur. A na abokina ba a haɗa shi ba sam, don farantin da aka kife ya sa kebur ɗin ba ya kaiwa, sai kawai aka yar da shi. Baba ya haɗa shi, ya sa masa sanda a gefen kujera inda hannun hagu zai kai ba tare da ya sunkuya ba. Da wannan sandar tana nan ranar, da bai nemi tarin yashi ba.

Jama'a, ga dalilin da ya sa na ce wannan maganar tamu ce. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, muka yi murna, kuma ya cancanci murna. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, sa'o'inmu ne, yayyenmu ne, suna neman na kansu. A watan Janairun 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Muna yawan maganar a ba su aiki, a yi musu hanyar hawa gine-gine. Duk daidai ne. Amma mutum sai ya isa wurin aikin da ransa tukuna. Babur mai ƙafa uku shi ne ƙafar ɗan uwanmu, kuma yawanci ba wanda ke duba lafiyarsa daga ranar da ya bar wurin mai walda.

Ina da roƙo huɗu. Masu walda da makanikai, Allah ya yi wa sana'arku albarka, ku kuke yin abin da kamfanoni ba su yi mana ba. Amma in birki ba fanninka ba ne, ba abin kunya ba ne ka ce a kai wa wane. Kada babur ya bar hannunka sai ka gwada shi da kanka. Shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, ku zauna ku fitar da 'yar takarda ko shafi ɗaya ce, da Hausa, ta abin da dole a duba kafin a miƙa irin wannan babur. Masu rabon baburan tallafi, 'yan siyasa da masu hali, kafin a ɗauki hoto a sa wanda ya sani ya matsa birkin kowane ɗaya. Mu kuma matasa, musamman waɗanda suka karanta injiniyanci suna zaune a gida, gorar man birki da sifana lamba 8 ba su fi ƙarfinmu ba. Ku samu dattijon makanike a unguwarku, ku ware Asabar ɗaya, ku gayyato masu irin waɗannan baburan a duba musu kyauta.

Kai kuma ɗan uwana mai hawa, kullum da safe kafin ka tayar da inji, matsa birki sau ɗaya ka ji. In ya yi laushi, in sai ka famfa, in man kofi yana raguwa, ranar ba fita. A sake man gaba ɗaya duk shekara biyu, ko da ka ga kamar lafiya lau yake. Kuma ranar da za a yi maka bilidin, kai ka zauna a kan babur ɗin ka matsa, don hannunka ya san yadda lafiyayyen birki yake. Rai a hannun Allah yake, babu shakka, amma an umarce mu da riƙo da sababi.

Abokina ya koma teburinsa, goshi ya warke. Jiya ma ya wuce ta ƙofar gidanmu, ya ja birki a gabana har ƙura ta tashi, ya ce, "Mutumina, ka ga yadda take tsayawa?" Na ce na gani, amma a rage gudu.

Wanda ya san mai irin wannan babur, don Allah ya tura masa wannan shirin, in ba ya karatu a karanta masa. Makanikai da ke saurarenmu, in akwai abin da na faɗa ba daidai ba ko na manta, ku gyara min, zan karanta gyaran a shiri na gaba. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.